Kujerar Makka ta Baba

Asabar, 3 ga wata, bayan la'asar

Yau Yaya Abbas ya zo gidanmu da motoci uku, har akuya ta rasa hanyar ratsawa a ƙofar gida. Rabonsa da unguwar nan tun rasuwar mahaifinsa, Alhaji Audi. Amma in faɗi gaskiya, bai zo da girman kai ba. Tun daga waje ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Baba kamar lokacin da yake zuwa ɗaukar karatu, yana ce masa Baba Malam.

Na kai musu ruwa, na laɓe a bayan ƙofar zaure, Allah ya yafe mini. Takarar ɗan majalisa yake yi a zaɓen cike gurbi da za a yi nan da mako uku. Abin da yake nema ba shi da yawa, in ji shi: Baba, a matsayinsa na limamin unguwa, ya miƙe bayan sallar magariba ya faɗa a lasifika cewa shi ne namu, a jefa masa. Daga nan ya sassauta murya ya ce ya riga ya kama wa Baba kujerar Makka ta baɗi.

Baba kuwa ya sa masa albarka, ya ce a ba shi kwanaki ya yi istihara.

Istihara a kan Makka. Ni Murjanatu na ga ta kaina da tsohon nan.

Lahadi, 4 ga wata, da hantsi

Tun da mijina ya rasu na dawo gidan Baba ba ni da abokin hira sai takarda, shi ya sa nake rubutu a ragowar littafin darasi. Bari in rubuta abin da ba a faɗa a gidan nan.

Mu mutanen ƙetaren iyaka ne, ƙasar da Faransa ta mulka, daga wani ƙauye kusa da Matamaye. Ina 'yar shekara biyar Baba ya sayar da shanunsa duka don ya sauke farali. Saura mako ɗaya ya kai kuɗin, aka wayi gari rediyo ta ce an karya darajar kuɗinmu na sefa gida biyu. Manya suka ce magani ne mai ɗaci, talaka ya daure na ɗan lokaci, ƙasa za ta miƙe. Kujera ta ninka, gero ya bi ta, muka cinye kuɗin a tukunya. Ba shanu, ba Makka. Da yake mahaifiyar Baba 'yar Mai'aduwa ce, yana da ƙasa a nan ma, sai ya ɗora mu a amalanke muka ƙetaro ta iyakar Kongolam.

Alhaji Audi ne ya sauke mu a Daura. Shi ya ba Baba fili ya gina gida, shi ya gina masallacin, shi ya ce wa Baba shiga gaba. 'Yan'uwa suka riƙa biyo mu ɗaya bayan ɗaya har wurin ya zama unguwa, mutanen gari suka sa mata Zangon Faransa don tsokana, sunan ya zauna. Yau in Baba ya ce wa unguwar nan gabas, ba mai duban yamma. Yaya Abbas ya san haka.

Shekara talatin da ɗoriya Baba bai ƙara furta Makka ba. Amma duk ranar da maniyyata suka zo yi masa bankwana, in sun tafi sai ya shiga ɗaki ya ce kansa ke ciwo. Ni kaɗai na san wannan. To, da ni kaɗai ce.

Litinin, 5 ga wata, da yamma

Zuwa makarantar da nake koyarwa a Sandamu da dawowa, ɗan acaɓa ya sake ƙara kuɗi. Yara tara ba su zo aji ba, an tafi da su sharar gona.

Talata, 6 ga wata, bayan la'asar

Dattawan unguwa sun cika zaure. Ni kuma tsintar wake ta kama ni daidai bakin ƙofa, ikon Allah.

Ladan Hussaini ne ya fi kowa ɗaga murya, dama shi ba ya buƙatar lasifika. Ya ce shi ba shi da ja a kan addinin Abbas: yaro ne mai sallah, ya gina Islamiyya, ba a taɓa kama shi da 'yar kowa ba. Ɗayan ɗan takarar kuwa ko a Idi ba ya zuwa sai an tayar. Amma ya ji Abbas da kunnensa a rediyo yana cewa daidai ne gwamnati ta zare hannunta daga mai da taki, a bar kasuwa ta yi halinta, a daure na ɗan lokaci. Ladan ya ce da ya ji kalmar nan ta ɗan lokaci sai da gabansa ya faɗi, domin da ita aka raba shi da ƙasar ubansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Wani ya ce ai gara mai tsoron Allah ko da zai matse mu. Wani ya ce mai tsoron Allah ba ya matse marayu. Aka yi ta kai-kawo, gaba kura baya sayaki. A ƙarshe duk suka juya ga Baba, suka ce Malam, abin da ka ce shi za mu yi.

Baba ya ce lokacin sallah ya gabato. Na duba waken, rabin tsakuwar na mayar cikinsa.

Alhamis, 8 ga wata, bayan sallar asuba

Ina shafa masa man zafi a gwiwa na ɗauko maganar. Na ce Baba, shekarunka saba'in da huɗu, gwiwar nan ba jiranka za ta yi ba. Na ce wa ya san wanda zai ci ma? Ƙuri'ar unguwa ɗaya ce za ta rage kuɗin taki? Na ce limamai nawa suka yi, ba su fi ka ilimi ba, ga su nan da haƙorin Makka suna murmushi. Na yi ta zuba, bakina dama ba shi da linzami, Inna tun tana raye take faɗa.

Ya bar ni na gama. Sunan mahaifiyarsa na ci, bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Ya ce, "Uwata, da a ce in na faɗa za su yi tunani su zaɓa, da da sauƙi. In na faɗa jefawa kawai za su yi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Na ce to sai me? Ya ce in ƙara man a ta hagu.

Juma'a, 9 ga wata, da rana

Zafi. Ba wuta. Har yau Baba bai yanke magana ba.

Lahadi, 11 ga wata, bayan azahar

Hajiya Zinariya, matar Yaya Abbas, ta zo da kanta. Ta kawo jakar tafiya sabuwa dal da harami fari guda biyu a leda, wai a fara shiri tun yanzu. Mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta a takarda ba. Ta zauna a tabarmata ta sha furata ba ta yatsina fuska ba.

Amma cikin hira ta sako cewa takardar filin masallaci tana wurin mijinta, kuma 'yan kwamitin masallaci sun fara ƙorafin Malam ya tsufa, ga Mansur ya dawo daga jami'a da karatu tas. Mansur ɗin da Baba ya koya wa baƙi da wasali. Ta ce ita dai ba ta son abin ya kai can. Na gane karatun. In Baba ya yi magana, Makka. In ya ƙi, har limancin.

Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta tuna mini wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Na ajiye jakar a ɗakin Baba. Da na leƙa an jima na same shi ya zaro haramin yana shafa shi da bayan hannu, a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba.

Laraba, 14 ga wata, da yamma

Baba ya aika a kira Yaya Abbas. Ya zo shi kaɗai, ba mota uku yau.

Na ɗauka zai yi ta rantse-rantsen 'yan siyasa ne, sai na ji ya zauna yana bayani tsakaninsa da Allah. Ya ce tallafin nan ba talaka ke cin sa ba, manya ne. Ya ce Baba Malam, kai shaida ne, man da ake cewa an sauƙaƙa wa talaka a jarkoki yake ƙetare Kongolam, kuma har da yaran unguwar nan a masu ɗauka. Wannan kam gaskiya ce, na san gidajen. Ya ce ƙasa ba ta ginuwa da rance da kyauta, dole a sha wuya kafin a sha daɗi. Ya yarda da abin da yake faɗa, wallahi na ji a muryarsa. Da ƙarya yake yi da abin ya fi mini sauƙi.

Baba ya ce bai musa masa ba, shi bai yi boko ba, mai yiwuwa Abbas ne ke da gaskiya. Sai ya tambaye shi, wannan ɗan lokacin, wata nawa ne? Yaya Abbas ya ce ba wanda zai iya yankewa. Baba ya ce haka aka ce musu a can, kuma shi har yau yana cikin nasa ɗan lokacin. Ya ce akwai gidaje shida a bayan masallaci da suka koma cin abinci sau ɗaya tun bara, shi yake yi wa 'ya'yansu sallah in sun mutu, ya san nauyinsu a hannu.

"Kai ɗana ne, Abbas. Zan yi maka addu'a da sunanka har in mutu, don mahaifinka ya rufa mini asiri ranar da ba ni da kowa. Amma ni kaina ban san wanda zan jefa wa ba. Ba zan tsaya a inda nake jan sallah in ce musu na sani ba."

Yaya Abbas ya ce kujerar fa ba ciniki ba ce. Baba ya ce ya sani, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, gara a bar ta sai bayan zaɓe, in har lokacin tana nan. Su duka biyun sun san ba za ta kasance ba. Ya yi sallama a ladabce, amma bai waiwayo ba.

Alhamis, 15 ga wata, da safe

Ni na mayar da jakar. Mai gadi ya karɓa, Hajiya wai tana barci.

Juma'a, 16 ga wata, da yamma

Kwana biyu ban yi masa magana ba sai gaisuwa. Ina ajiye masa tuwo in juya. Haushinsa nake ji, haushi sosai, kuma in na ga yadda yake dafa bango kafin ya miƙe sai in ji kamar in kurma ihu. Wa zai kai shi yanzu? Albashin malamar firamare?

Yau ya cinye tuwon tas ya ce miyar ta yi daɗi. Ban sa gishiri ba, da gangan.

Asabar, 17 ga wata, bayan azahar

To, bari in rubuta.

Ni ce. Watan jiya a wurin sunan ƙanwar Hajiya Zinariya, muna zaune ana raba waina, aka ɗauko hirar maniyyata. Sai na ji bakina yana ba ta labarin shanun, da sefa, da ciwon kan da Baba ke yi. Har na ce mata in da Yaya Abbas zai yi wa Baba wani abu a duniya, to wannan ne. Ban san za a ɗaura masa igiya ba. Ko kuwa na sani na kau da kai? Abin da tsohon nan ya binne shekara talatin, ni na tone shi na kai gidan masu takara a faranti.

Na same shi a zaure yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Na durƙusa na faɗa masa duka, ina kuka kamar ba malamar yara arba'in ba. Ya ci gaba da zura ƙwayoyin a zare. Ya ce ai tun ranar farko ya sani, domin duk duniya mutum biyu suka san wannan ciwon, ɗaya kuma, wato Inna, tana kabari.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me zan yafe? Ɗiya ta ga ubanta yana son abu ta nema masa. Uwata, ni daɗi na ji da wani ya lura."

Sai ya miƙo mini zaren ya ce idonsa ba ya ganin ramin, in zura masa sauran. Muka zauna muna zurawa har aka kira la'asar. Ƙwaya ɗaya ta ɓace, muka neme ta muka rasa.

Laraba, 21 ga wata, bayan magariba

Dattawa sun sake tambayar Baba a masallaci. Ya ce kowa ya duba tukunyar gidansa, ya duba lahirarsa, ya jefa inda zai iya kare kansa gaban Allah. Ladan ya shigo yana mita wai Malam ya bar su a rana.

Asabar, 24 ga wata, da yamma

An yi zaɓe. Na riƙe masa kujerar roba a layi. Wani matashi da hular jam'iyya ya wuce yana cewa 'yan Faransa ma sun fito, a duba katinsu da kyau. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Baba ya taɓa mini hannu. Ya zaro katinsa ya riƙe a fili har muka kai gaba.

Ya daɗe a bayan labulen. Ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Ni dai na tsaya da takarda a hannu ina tuna Islamiyyar Yaya Abbas, ina tuna yaran ajina tara, har ma'aikaciyar ta ce Malama ana jira.

Litinin, 26 ga wata, da hantsi

Yaya Abbas ya ci. Amma a akwatin unguwarmu ya sha ƙasa, ba kaɗan ba. Yanzu a gari ana cewa Baba ne ya hana a ɓoye. Mutumin da ko ni bai gaya wa komai ba.

Laraba, 28 ga wata, bayan la'asar

'Yan kwamiti uku suka zo, suna ta sunkuyar da kai. Wai saboda gwiwarsa, a tausaya masa ya huta, Mansur zai riƙe. Baba ya yi musu godiya, ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin masallaci ya ba su. Har ya ce in kawo musu ruwa. Na kawo, amma na randar da ke rana.

Bayan sun tafi Mansur ya zo, mutum da gemunsa da 'ya'ya uku, ya zube a zaure yana rantsuwa bai nema ba, kuma ba zai karɓa ba. Baba ya ce zai karɓa, domin masallaci ba ya zama ba liman, kuma gara shi da baƙo. Ya ce masa ya riƙa sassauta ruku'u saboda tsofaffi.

Alhamis, 29 ga wata, da rana

A ɗaki ya yi sallolinsa. Wai gwiwa.

Asabar, 31 ga wata, da yamma

Kwana uku bai fita ba. Abincin ma taɓawa yake. Jiya na ji yana tambayar wani ko motar Matamaye tana tashi kullum yanzu. Wa ya rage masa a can in ban da kaburbura?

Unguwa kuma ta yi fushi a madadinsa. Ladan Hussaini ya ce maƙogwaronsa ya kama, ba ya iya kiran sallah. Dattawa sun koma yin jam'i a ƙofar gidajensu, wasu suna takawa har masallacin bakin titi. Da azahar na leƙa, takalma biyar ne a ƙofar masallacin da ke cika har waje. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na shiga da saurina na ba Baba labari ina jiran ya yi murmushi.

Bai yi ba. Ya tambaye ni sau biyu, biyar? Na ce biyar. Ya juya fuska bango.

Lahadi, 1 ga wata, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Rana na shirin faɗuwa na ga ya fito da farar rigarsa, ya yi alwala a tsakar gida. Na ce Baba ina zuwa? Ya ce ina ake zuwa war haka? Bai bi ta ƙofar masallaci kai tsaye ba. Sai da ya zaga layin nan kaf da sandarsa, a hankali, yana yi wa kowane zaure sallama, bai ce wa kowa taso ba. Ya tsaya ƙofar Ladan ya tambaye shi ya maƙogwaro. Kafin ya kai masallaci na ji muryar Ladan a lasifika, garau, ba alamar mura.

Na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Takalma suka yi ta taruwa har suka sauko kan dakali. Mansur ya ja baya ya nuna wa Baba gaba, ta taga na hango. Baba ya girgiza kai, ya kama kafaɗarsa ya tura shi, shi kuma ya tsaya a sahun farko daidai bayansa.

Aka tayar. Muryar Mansur na rawa tun daga kabbara. Ya kama sura, wadda ya haddace a zauren gidan nan tun bai yi kaciya ba, ya kai tsakiya sai ya tsaya cak. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wurin. Lasifika na kawo numfashinsa, kuka ne ya toshe shi.

Sai na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa, daga baya. Ya ba shi farkon ayar, kalma uku kawai, yadda mamu ke yi wa liman in ya sarƙe, ya yi shiru ya bar masa sauran. Mansur ya kama. Ya kai ta har ƙarshe.

Na zauna a dakalin ƙofa na yi kuka mai isata. Ban taɓa son tsohon nan kamar yau ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar yau ba. Ba za a mayar masa da limancin ba, na sani. Makka ma sai wani ikon Allah.

Da ya dawo na karɓi sandar, na kasa haɗa ido da shi. Ya zauna yana sauke numfashi, ya ce ashe iskar fanka a sahun farko take tsayawa, shekara talatin yana gaba yana shan zafi ba wanda ya gaya masa. Na yi dariya da majina.

Sai ya ce, "Uwata, zubo tuwon da yawa. Kuma ki tashe ni da wuri, yaron nan bai saba da asuba shi kaɗai ba."